Kuɗin Inna Sun Dawo da Ƙafafunsu

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka bar Gabi, ni da maƙwabtana biyu. A lalitata akwai kuɗin Inna, mahaifiyata, fam-fam da sulallan Najeriya da ta daɗe tana tarawa wajen sayar wa fatake man gyaɗa. An ji a rediyo cewa Najeriya ta fito da sabon kuɗi, wai naira, tsohon kuma kwanansa ya kusa ƙarewa. Inna ta ce in kai garin Ɗan Issa na bakin iyaka in canzo mata su zuwa kuɗin ƙasarmu, kada guminta ya zama takardar ƙunshe goro.

A ƙasa muka taka har Madarunfa. Ruwan tafki ya ja baya bana, amma kifi bai yi tsada ba. Muka ci soyayye na dala biyu a kuɗinmu, da yaji mai sa mutum tuna zunubansa. Daga nan muka hau kamiyo, babbar motar kaya, a bisa buhunan gyaɗa. Duk ramin da ya faɗa sai hannuna ya koma kan lalita, har abokan tafiya suka ce ciwon ciki gare ni.

A Ɗan Issa ƴan canji na zaune jere ƙarƙashin itacen bedi, kowa jama'a sun yi masa zobe. Kafin mu sha hura mu sa takalmi, farashin fam ya faɗi sau biyu. Maƙwabcina ɗaya ya tsorata ya canza nasa nan take. Bayan azahar farashi ya ɗan ɗaga, ya zauna yana cizon yatsa. Ni dai na tsaya ina kallo. Abin da ake ba ni, ko rabin wahalar Inna bai kai ba.

Wani tsoho mai sayar da igiya ya ga na daɗe tsaye, ya ce, "Malam, a Jibiya, can cikin Najeriya, har gobe fam fam ne. Kai ka kawo shi inda ake raina shi."

Muka wuce duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, muka kwana Jibiya gidan wani ɗan garinmu. Washegari kasuwa ta cika. Da damina ba ta yi kyau ba, mutane na ta fitar da bisashe da araha. Na zagaya sau uku kafin in taya. Na sayi jajayen awaki biyu, ɗaya da ciki, da buhun gero, da gishirin mangul na lasar awakin. Sulallan da suka rage na sayo wa Inna turare.

Dawowa ita ce aiki. Jakin haya ya ɗauki gero, ni na ja awaki, ko kuwa in ce su suka ja ni. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, don ba abin da aka aike ni ke nan ba.

Inna ta fito ta dube ni, ta dubi awakin. Sannan ta duƙa ta shafa cikin mai cikin.

"Na aike ka canji, ka kawo mini masu ci," in ji ta. "To, wannan biyu za ta haifa. Ɗaure ta kusa da ɗakina."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ranar da kasuwa ke rawa, mai gaggawa shi ke biyan makaɗi. Gwamnati kan canza kuɗi a wuni guda, amma ban taɓa jin an yi shela an soke akuya ba.