Abin da Rabi ta roƙi likita

Likitar ta juyo mana da allon hoto, sai na ga wani abu kamar wata cikin gajimare, yana motsi a hankali. Cikin Rabi ne, wata shida. Ita da mijinta Sani 'yan Kano ne masu sarin tufafi a kasuwar Baima, a nan ƙasar waje, suka ɗauke ni tafinta zuwa asibiti.

Ni da na zo ƙasar nan karatun injiniya, ga inda boko ya ajiye ni.

Likita ta ce yaron ba shi da ƙoda, ba zai rayu bayan haihuwa ba. Dokar nan ta yarda a cire cikin idan likitoci sun sa hannu. A gida kuwa ƙofar a rufe take, sai in ran uwa na cikin haɗari.

Rabi ta daɗe tana kallon allon. Can ta ce mini, "Baba, tambaye ta, in an cire za su ba mu shi? An riga an busa masa rai. Ina so a yi masa wanka."

Likita ta ce ba a saba ba, amma za ta nemo takardar izini.

Sani ya sunkuyar da kai. "A gida sai mu ce ɓari ne."

"A'a," in ji Rabi. "Haihuwa na yi, bai zauna ba."

Aka cire cikin, aka ba su shi, aka yi masa wanka. Ranar Laraba muka kai shi makwancinsa, ana yayyafi. Sunansa Abdullahi.

Masu yanke wa mata hukunci daga kan tabarma, da ku ne a ɗakin nan, me za ku ce mata?