Sannu-Sannu da Kwamfutar da ya Lulluɓe da Tamfol

Sannu-Sannu ɗan mai facin taya ne, jikan wani maƙeri wanda ya yi suna wajen ƙera ƙafar amalanke. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa wannan suna, domin a duk tsawon zamanin da ya yi yana jan tirelar kamfani ba a taɓa ganin ya yi tsere da kowa ba. Da gwiwarsa ta hagu ta fara gardama, sai kamfanin ya sallame shi, ya dawo gida ya zauna.

Zaman bai karɓe shi ba. Autarsa, wadda ke gyaran kwamfuta a wani gari, ita ta lura mahaifinta yana ramewa, sai ta kawo masa tsohuwar kwamfuta mai wasan tuƙin manyan motoci, haɗe da sitiyari da abin taka birki da totur. Ya naɗe sitiyarin da fata da hannunsa, ya kafa shi a teburin da ke jikin taga. Kullum da hantsi yakan ɗauki kaya a allo ya kai su wani gari, mai ɗakinsa tana tsokanarsa da cewa ya taho mata da tsaraba.

Bana sai kwamfutar ta soma ciwo. Da ya kama hawan tudu sai hoton ya daskare, fankar cikinta ta yi ta gurnani, daga nan kwamfutar ta mutu. Ya kira Auta ya kwatanta mata ƙarar kamar yadda yakan yi wa bakanike. Ta ce tsufa ne, gara a sayi sabuwa, amma ta gaya masa gaskiya cewa sababbin ba su da kafar da tsohon sitiyarinsa zai shiga. Wannan magana ta tsaya masa a rai, domin fatar sitiyarin ta riga ta ɗauki shatin yatsunsa. Ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ta zo ta buɗe ta gani.

Ranar da ta iso, ta leƙa ƙarƙashin tebur ba ta ga kwamfuta ba, sai wani ƙunshi da aka lulluɓe da tamfol, aka ɗaure tamau da igiya.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya amsa da cewa shi bai taɓa barin kaya a buɗe ba, kuma da ya ga ta fara laulayi sai ya ƙara mata wani tamfol ɗin a sama.

Auta ta yi dariya har da hawaye. "Da za ka toshe lagireton da ke sanyaya injin tirela ka hau tudu, me zai faru?"

Sannu-Sannu ya sosa ƙeya. Mai ɗakinsa ta ce daman ta faɗa, aka ce mata ba ta san mota ba.

Auta ta kwance igiyar, ta share dattin da ya cushe ciki, ta sauya fankar da ta gaji, ta kuma ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa. Duk da haka ta gargaɗe shi cewa wasannin zamani sun fi ƙarfinta, idan yana son su dole a sayi sabuwa. Ya ce a bar masa tasa. Ya zauna, ya kama sitiyari, ya nufi tudun da ya daɗe yana kayar da shi. Motar ta haye lafiya lau, ya sauke ajiyar zuciya mai nauyi.

Da tana haɗa kayan aikinta, Auta ta tambaye shi abin da ya sa ya nace wa tsohuwar.

Ya ce, "Ranar da gwiwata ta gaza, babu wanda ya tsaya ya duba ko da sauran ƙarfi a jikina, sabon direba kawai aka ɗauko. Ita kam na so a duba ta tukuna. Ga shi kuwa ashe zafi ne kawai ya dame ta."