Gwaggo Hajara da Sunan Abarshi

Ranar Talata da hantsi ina ɗakin malamai a Kankia ina duba takardun jarrabawa Baba ya kira ni. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, “Nomau, Yaya Hajara lokaci ya yi.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Na hau babur na nufi Kaikai, amma kafin in wuce Kusada an riga an sallace ta. Masu dawowa daga maƙabarta na tarar a bakin gari. Rabona da ita mako bakwai ke nan, kuma da gangan na ƙi zuwa. Wannan shi ne nauyin da nake ɗauke da shi.

Gwaggo Hajara yayar mahaifina ce, ungozoma ce da ta fi shekara arba’in tana karɓar haihuwa. Ita ta yanke mini cibiya, ita ta laƙaba mini Nomau saboda an haife ni ana tsakiyar noma. Ba ta taɓa kirana Kabiru ba. Mace ce mai faɗa, ga tsokana, amma ba a taɓa jin sirrin ɗakin haihuwa a bakinta ba.

Shekara biyu ke nan ina rubuta wani labarin almara, ina tura wa masu karatu babi ɗaya a waya duk Juma’a. Labarin wasu gajerun mutane ne da tsayinsu bai wuce ƙugun babban mutum ba, manoman gujiya, masu son ci da zaman gida, waɗanda yaƙin manya ya tashe su. A labaran Turawa da wasanninsu na fara ganin irinsu, na ce bari in yi namu. Sunaye ne suka gagare ni. Na ƙirƙiro Zimbo da Firlo, na karanta wa Gwaggo tana ɓarar gyaɗa. Ta yi dariya har da tari, ta ce, “Mi ka ce? Wanga ai sunan maganin sauro ne! Mutanen nan naka ba su da uwaye?”

Daga ranar ta zama mai raɗa wa gajeruna suna. Sharaɗinta na farko, kada in taɓa sunan Annabi ko na Sahabi in ba abin da na ƙaga da kaina. Na biyu, ba ta ba da suna sai na amsa tambayoyinta. Wa yake bi? Ana mi aka haife shi? Uban yana raye? In na ce ban sani ba, sai ta ce, “To tafi ka sano. Ni ban sa suna sai na san abin da uwa ta gani.” Haka na samu Tanko da ya biyo ’yan mata huɗu, da Anaruwa, da Cindo mai yatsa shida, da Audi wanda bai tarar da ubansa ba. Dole ta sa na riƙa ƙago wa kowane gajere gida da dangi, kuma wallahi daga nan ne labarin ya fara numfashi.

Suna ɗaya ne na zaɓa da kaina. Na ji ana kiran wani mai tura kura Abarshi a kasuwar Kankia, ya yi mini daɗi a baki, na ba wani gajere acici mai ban dariya. Da na faɗa mata, hannunta ya tsaya a cikin kwandon gyaɗa. Ta ce, “Nawa suka mutu kafin shi?” Na ce babu. Ta ce, “To akwai. Ba a sa wanga suna don daɗi. Macen da ta gaji da binne ɗiya ita ke cewa a bar mata wanga. Rubuta huɗu.” Na rubuta huɗu. Tun daga nan duk zuwana shi take fara tambaya, ko ya ci, ko sanyi bai kama shi a hanya ba. Ba ta faɗin sunan, sai dai “yaron nan naka”. Na ɗauka mantuwar tsufa ce.

Ni kuwa tun farko na shirya Abarshi zai mutu. Zai tsaya a bakin gada ya tare abokan gaba har sauran su tsallake, kuma babi arba’in na yi ina gina wannan wuri. Da na gaya mata, ta ce, “Kada ka kashe shi. Uwarshi ta roƙa.” Na shiga yi mata bayani irin namu na ’yan boko, cewa labarin da ba a rasa kowa a cikinsa ba lami ne. Ta dube ni ta ce, “Kai mutuwa gishirin miya ce a wurinka. Ni na wanke jarirai da hannun nan na miƙa an kai. Ta ishe ni.” Na ce to, don a bar maganar. Na koma Kankia na rubuta mutuwar yadda na so, na ajiye ta sai ranarta ta zo. Na daina zuwa Kaikai, don na san tambayar da za ta tare ni da ita, kuma ba zan iya yi mata ƙarya sau biyu ba.

Ranar sadakar uku, bayan la’asar, muna zaune da Baba a zaure na ba shi labarin wannan gardama. Sai ya ce, “Ba ta gaya maka ba ke nan. Huɗu ta binne a jere, na biyar ta sa mashi Abarshi. Shekara bakwai ya yi, ƙyanda ta ɗauke shi. Ba a haife ka ba lokacin. Tun ranar ba wanda ya ƙara faɗin sunan a gabanta, sai kai.”

Na goge babin. Juma’ar da ta wuce na tura wani a madadinsa: Abarshi ya tsallake gadar da rauni a ƙafa, ya koma gida, uwarsa ta dama masa fura. Masu karatu sun ce na ji tsoro, sun ce ƙarshen ba armashi. Mai yiwuwa gaskiyarsu ce, ba ni da ƙarfin musu. Abin da ke ci mini rai shi ne wadda na yi dominta ta tafi ba ta ji ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hajara, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sa duk jaririn da ta tarba ya zama nauyi a mizaninta. Allah ya ba Baba da Yaya Binta, ’yarta ɗaya da ta rage, haƙurin wannan rashi. Ni kuma ya yafe mini makonni bakwai ɗin nan. Ya Allah, ka haɗa ta da ’ya’yanta biyar a Aljanna, inda ba za a sake karɓe mata ko ɗaya ba. Amin.