Yaya Inuwa da Butar Shayina

Ku da kuka san Yaya Inuwa, kun san aljihun jallabiyarsa bai taɓa rabuwa da littafin labari ba. Mutum ne mai nauyin baki. Da muka baro gonar auduga a Jazira muka zauna Ondurman, ko cefane ya je sai dai nuni da yatsa. Shi ne ya ce zai koyi zancen Larabci wurin mutanen cikin littafi, tunda su ba sa yi masa dariya.

Ni ban san baƙi ba, amma ni na sha wuyar karatun nan. Ina tsaka da sayar da shayi a Kasuwar Libiya, sai ya ja kujera.

"Kulu, ke ce matar attajiri. Ce kin ƙi."

"Na ƙi."

"Haba! Da yanga mana!"

"Yaya, madara za ta zube!"

"Wannan babu shi a littafi."

Matarsa Asabe kuwa, in ta taso da faɗa, sai ya ɗaga hannu: "Dakata in nemo amsarki." Kafin ya gano shafin, ta tuƙa tuwo, ta huce.

To, ran nan aka yi mana kasha, wato samame. 'Yan sanda suka kwashe kayan masu shayi, buta, murhu, kofuna, sai bayan mota. Da butar nan nake ciyar da marayuna. Zamanin soja ne, maza masu baki duk suka noƙe. Yaya ya ce in biyo shi.

Ashe roƙo ɗaya tak ya haddace, na mutumin da matarsa ta yi yaji. Da muka isa wurin 'yan sandan, ya tsaya gaban babbansu, ya dafe ƙirji, Larabci tsaf, ko gargada babu:

"Ranka ya daɗe, tun da ta tafi ban runtsa ba. Yara na kuka suna kiran sunanta. Ku dubi Allah ku maido mini ita, ba zan ƙara ɗaga mata murya ba."

"Wace ce, ya Hajji?"

"Butar ƙanwata."

Mutumin ya yi dariya har da tari. "Ku ba shi, kafin ya sa mu kuka!"

Yaya ya ce, "Har da murhun?"

"Har da murhun!"

Jama'a, a ka ya ɗauko butar nan har rumfata, mata na guɗa. Ya zauna yana ƙunƙuni: "Mutumin bai bar ni na kai ƙarshe ba."

Butar tana nan, na hana a sayar. Allah ya jiƙan Yaya, ya sauƙaƙa masa amsa a kabari, ba sai ya duba shafi ba. Amin.