Tambaya Dillaliya da Simintin Ikko

A Tambuwal ta wancan zamani, gidan malamai ne ko na mahauta, Tambaya da sallama ɗaya take shiga, ta wuce zaure ta bar maza suna kallon ƙunshin da ke kanta. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, bakinta ja wur da goro. Dillanci ne sana'arta. Matan aure suna kulle, ba su zuwa kasuwa, to ita ce ƙafarsu: ta karɓi zane a gidan nan ta kai wancan, ta ɗauko langa daga kasuwa ta shigar ɗaka, ta ci 'yar la'adarta.

'Yar Jabo ce. Aure ya kawo ta Tambuwal, gidan wani ɗan koli mai suna Na'iya. Ta haifi huɗu, duk suka koma tun ba su yi wayo ba. Na'iya ya rasu shekarar fari, ya bar mata ɗaki biyu da katangar da ta fara zubewa. Sana'ar kuwa gwaggon mijin nata ce, Inna Atu, ta koya mata, kuma darasin farko ba na ciniki ba ne.

"Ke, saurara," in ji tsohuwar. "Kayan da anka ba ki, ki sayar. Sunan mai kaya kau, ki haɗiye shi. Ko uwarki tat tambaye ki, ba ki sani ba."

Akwai dalili. Matar da ta fitar da zanenta na salla don rumbun mijinta ya ƙare ba ta son maƙwabta su ji. Wadda ta saya ma ba ta son a ce kwance ta ɗaura. Shekara ashirin da wani abu Tambaya tana yawo da asirin gidaje a cikinta, ba a taɓa jin ko ɗaya ya fito ba. Abin da take ci da shi ke nan. Ba ta da gona, ba ta da ɗa, in aka daina buɗe mata ƙofa ta ƙare.

Shekarar da aka yi Jihar Sakkwato, kuɗin mai ya fara ɗigowa har ƙauye. Babur ya yi yawa, rediyo ya shiga zauruka, kowa yana son ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo, siminti kuwa ya yi wuyar samu. A lokacin ne wani Alhaji Jumare ya fara zuwa ranar kasuwa da akori-kura cike da langa da atamfa. Ya ce daga birnin Sakkwato yake. Fari ne, mai haƙorin Makka, ba ya fushi a ciniki, kuma ladan bai gama kiran azahar ba ya rufe mota. Dillalai suka so shi don yana ba da kaya sai an sayar a biya. Wata huɗu yana yi da Tambaya, ko kwabo bai taɓa shiga tsakaninsu ba.

Ranar nan ya kira ta bayan mota, ya miƙa mata goro fari.

"Inna, kin san teku?"

"Ina ni ina teku, Alhaji? Ni gulbi ma sai in na je Kebbe wurin ƙanena nika ganinai."

Ya yi dariya. Ya ce a Ikko jiragen ruwa ne jere maƙil da siminti, sun rasa mai sauke su. Yana da kaso cikin jirgi ɗaya, kuɗin fito da kayan ne suka yanke masa. Wanda ya sa naira goma, bayan kwana arba'in ya karɓi sha biyar. Wadda ba ta da kuɗi ta ba da langa ko tasa ko munduwa, shi zai yi musu kuɗi.

"Mi ya hana ka faɗa ma maza?" in ji ta.

"Maza ba su da ciki, Inna. In na gaya ma ɗaya, gobe dut zaurukan garin ga an ji, manyan 'yan kasuwa su ture mu. Mata nika so su ci arzikin ga. Abu ɗaya dai, kar ki faɗi sunana."

Da wani ne aka ce wa haka, da ya yi turus. Ita kuwa Tambaya, wannan ne ma ya kwantar mata da hankali. Mai kaya ya ce a ɓoye sunansa, ai abin da take ji kullum ke nan.

Ta fara da kanta: ta sayar da akuyarta ta ba shi. Kwana arba'in cif ya ƙirgo mata sababbin takardun kuɗi masu ƙamshi. Daga nan ta nufi gidan Malam Gidaɗo, babban malamin unguwarsu. Matarsa Hindatu mace ce mai karatu, matan aure na zuwa ɗaukar darasi wurinta, ga ta da 'ya'ya mata uku da ke tasowa.

"Inna Tambaya, wagga ba riba ce da anka haramta ba?" in ji Hindatu.

"Ke ce matar malam, ni mi nas sani? Shi dai ya ce jari ne, a sayi kaya a sayar a raba."

"Wa ne shi?"

"Yau kuma? Zanen da kinka saya bara, na faɗa miki mai shi?"

Hindatu ta yi murmushi. "Bakinki dai kamar an ɗinke. In kinka mutu sai an tona cikinki a ga abin da kinka tara."

"A tona, ba a samun komi sai goro."

Hindatu ta tashi ta nufi jerenta. Ka san yadda langa take, babba ce da murfi, a cikinta ƙarama, a cikin wannan wata ƙaramar. Ta buɗe manyan ta zare na ciki, ta mayar da murafe. In ka shigo ɗakin, jere yana nan reras har rufi, babu abin da ya taɓu. Wane miji ne zai tsaya yana buɗe langa? Haka sauran matan suka yi, gida bayan gida, kowace tana zaton ita da wasu biyu ko uku ne kawai suka sani.

Jumare yana ba da takarda mai hoton jirgin ruwa da hatimi shuɗi. Karon farko ya ɗaga biro ya ce, "Sunan wa za a rubuta?"

"Rubuta nawa," in ji Tambaya.

Bai sake tambaya ba.

Zagaye biyu ana biya. Mata suka ga kuɗi da idonsu, suka ƙi karɓa, suka ce a mayar a ƙara. Waɗanda langarsu ta ƙare suka zare mundayen azurfa na gadon uwa. Tambaya ta riƙa fita da ƙunshi mai nauyi tana dawowa da takarda. Ita ma duk abin da ta tara, da niyyar ko Allah zai kira ta Makka, ta zuba.

Bayan girbi, ranar da kwanaki suka cika, akori-kura ba ta zo ba. Tambaya ta zauna gindin itacen bedin da Jumare yake tsayawa har aka watse. Kasuwa ta biyu haka. Ta uku ta hau mota zuwa Sakkwato, karo na biyu a rayuwarta, ta nuna wa wani ɗan boko takardar ya karanta mata adireshin. Ta same shi. Wani mai faci ne a wurin, zaune cikin tsofaffin tayoyi.

"Jumare? Inna, ke ce ta biyar. Jiya wata taz zo daga Yabo, nan tay yi ta birgima."

Ba ta yi birgima ba. Ta roƙi ruwa ta sha, ta komo gida.

Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ta faɗa musu. Wasu suka yi kuka da mayafi a baki don kar a ji daga zaure. Wasu suka zage ta ƙasa-ƙasa. Babu wadda ta iya ɗaga murya, don ɗaga murya na nufin miji ya ji. Da haka abin zai mutu a ɗaka, in ba don bikin gidan Sambo mahauci ba. An zo kwasar kayan ɗakin 'yarsa, gwaggwanni suka ɗaga langa suka ji ba nauyi, suka buɗe, wayam. Sambo ya tsare matarsa Ummulkulsum da tambaya, tsoro ya kama ta, ta ce ita dai ta ba Tambaya ta musanyo mata sababbi, ba ta san zancen wani siminti ba. Kafin la'asar ya kai ƙara wurin alƙali.

Gari ya ɗauka. A masallatai maza suka yi ta kallon juna. Malam Gidaɗo ya faɗa a gaban ɗalibansa cewa duk matar da aka samu da hannu cikin wannan caca a gidansa, ta tattara ta koma gidan ubanta. Magidanta da yawa suka ce su ma haka.

Ana gobe zaman kotu, da hantsi, Tambaya ta shiga wurin Hindatu. Ta tarar da ita ta rame, allo jingine ba a wanke ba.

"Inna," in ji Hindatu, "shekarata goma sha tara gidan ga. Kin san Malam, in yaf faɗi magana ba shi komawa. Ɗiyana ukku..."

"Na zo in ce miki wani abu?"

"A'a."

"To ba ni ruwa in sha."

A kotu alƙalin dattijo ne mai haƙuri, ya san Tambaya tun tana amarya. Ta kwance gefen zanenta ta miƙa takardun. Ya sa magatakarda ya karanta. Talatin da ɗaya, kowace da suna ɗaya a kanta: Tambaya.

"Baiwar Allah," in ji alƙali, "bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Matar Sambo ta ce musanya ta ba ki. Ke kin ce da saninta ta zuba jari, kuma ba ita kaɗai ba. In haka ne, ke 'yar aike ce, abin da ya salwanta ba da sakacinki ba babu biya a kanki. Amma sai da shaida. Faɗi sunan ko mata biyu, in aika a tambaye su a ɗakunansu. Kuma in masu ƙara suka yi yawa, sai in rubuta wa 'yan sanda a nemi mutumin nan."

Tambaya ta dubi ƙasa. Ta san sunayen kamar yadda ta san yatsunta, ta san langa nawa kowace ta zare, ta san kalar furen da ke jikinsu. Ta kuma san alƙali ba zai tsaya a biyu ba, in an fara sai an ƙare. A bakin ƙofar kotu maza ne cunkus, rabinsu mazan matan nan ne, sun miƙa wuya.

"Allah shi gafarta malam, ban iya ba."

"Ba ki iya ba, ko ba ki so?"

"Ban iya ba."

"Ɓarauniya!" in ji Sambo. "Babu wasu mata! Ita da kwartonta sunka cinye!"

Aka yi dariya a waje, dariyar mutanen da hankalinsu ya kwanta. Alƙali ya tsawatar. Sau uku yana maimaita mata tambayar, har ya ɗage zama zuwa mako guda ko za ta sake tunani. Ta dawo da amsa ɗaya. Ya yanke hukunci ta biya kayan matar Sambo. Ba ta da abin biya sai ɗakunan Na'iya. Aka sayar.

Ta ɗauka ko ba komai sana'a tana nan. Ta kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, ta ɗaura ɗan ƙunshinta ta fita. Gidan farko aka ce matar gida na barci. Na biyu mai gida ya tare zaure da ƙafa. Mazan sun gaskata ɓarauniya ce, matan kuwa, waɗanda suka san gaskiya, kowace tana tsoron in ta kare ta a gane da ita aka yi. Wasu ma su suka fi kowa zaginta in miji yana kusa.

Gidan Malam Gidaɗo ta bari ƙarshe. Malam yana zaure da littafi, bai ɗago ba. Ta yi sallama daga bakin ƙofar ciki. Shiru. Ta sake.

Muryar Hindatu ta fito daga bayan zana, da ƙarfi, yadda za a ji har zaure. "Wa ne? A ce mata ba mu sayen komi. Kuma ta daina zo muna gida."

Tambaya ta juyo zaure. Ta gyara ƙunshinta, ta ce, "Malam, a tashi lafiya." Ya amsa da kai.

Sati bai zagayo ba ta hau bayan motar hatsi zuwa Kebbe, wurin ƙanenta Bube. Ya ba ta bukka kusa da turken awaki. Matarsa ba ta ƙi ta ba, ba ta kuma so ta ba. Tambaya ta koma daka kalwa tana yin daddawa, ta kai kasuwa ta zauna cikin rana. Matan Kebbe da suka ji tsohuwar dillaliya ce suka fara aiko mata zannuwa, ta mayar, ta ce ƙafa ta mutu. Surutun nan nata da wasa duk suka tafi. Bube ya sha tambayarta, "Yaya, don Allah su wa ne? Ko ni ki gaya min, in je in same su." Sai ta ce masa ya duba awakinsa sun shiga gonar mutane.

Damina shida ta yi a can. Ta bakwai tari ya kama ta, ta kwana goma sha biyu ta cika, ranar wata Laraba ana yayyafi. Mutum tara suka yi mata salla. Labarin bai kai Tambuwal ba sai bayan wata biyu, a bakin wani mai sayar da busasshen kifi. Jumare kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.