Sanusi Katanga ya karanta Fatiha, suka ce ya koma fili

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ƙanensa ya kira ni daga Shinkafi: Sanusi ya rasu. Har an yi jana'iza ban samu motar da za ta bi hanyar ba.

Tare muka yi sakandare a Ƙaura, lokacin da aka ba mu jihar Zamfara. Shi ne mai tsaron bayanmu, muna ce masa Katanga. Ko ƙwallo ta jiƙe da ruwan damina ta yi nauyi, kai yake sa mata.

Ni ban iya ƙwallo ba. Shi yake cewa a sa ni, har ya ara mini takalmi. "Ka tsaya kusa da ni, ba abin da za ya wuce."

Shekarar da aka fara Shari'a muka je wasa Zurmi. Sanusi da wani suka yi karo, kai da kai. Sanusi ya faɗi bai motsa ba. Aka juye masa ruwan buta, ya buɗe ido.

A wurinmu gwaji ɗaya ne. Kocinmu ya ce, "Karanta Fatiha." Ya karanta ba kuskure. Aka ce lafiyarsa lau, namiji ne, ya koma fili.

A mota ya juyo gare ni: "Wai wa yac ci?" Mu muka ci. Muka yi ta dariya. Can ya sake tambaya.

Ba shi ne karonsa na ƙarshe ba. Daga baya ciwon kai ya zauna masa, sai mantuwa, sai fushin da ba halinsa ba. Aka ce iska ce. Ni ba likita ba ne, ban san ko ƙwallon ce ba. Na daɗe ina juya abin ni kaɗai, don 'yan tim ɗin duk sun watse.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce na je gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bawan Allah, daga ina?"

Na ce, "Ni ne, Bello."

"Awo," ya ce, don kada in ji kunya.

Da aka kira la'asar muka yi salla a zaure. Ina jin sa a gefena yana Fatiha a hankali, ba harafin da ya ɓace masa. A nan na gane ko sunansa ya manta, ita ba za ta bar shi ba. Da me muke gwada shi ke nan?

Babban ɗansa yanzu shi ma baya yake tsarewa.

Masu horar da yara, don Allah, in yaro ya bugu a kai ku fitar da shi, a kai shi asibiti, ko da ya karanta muku Baƙara.

Allah ya jiƙan Sanusi, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya raya abin da ya bari. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ku ambaci sunansa.