Gyaɗar da Na Binne

Assalamu alaikum. Tun kaka ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Wasu sun yi cigiya, Allah ya bar zumunci. Wasu kuma an ce har sun fara lissafin wadda za ta gaji kwastomomina na ƙuli-ƙuli a kasuwar Tsanyawa. To, Rabi ce dai, kuma da hannuna nake rubutun nan.

Abin ya fara da kasala da tashin zuciya. Ƙanshin man da nake toyawa shekara da shekaru ya koma yana sa ni amai. Wata safiya 'yata Ummi ta zuba min ido ta ce, "Umma, idonki ya yi rawaya."

Inna, mahaifiyar maigidana Malam Sani, ta ce shawara ce. Aka dafa min rai-ɗore na sha har na gaji. Ƙafafuna suka kumbura, cikina ya ɗaure, zanina ya daina zagaye ni.

Ranar da na kasa tashi yin sallah Malam ya ɗauko mota, sai asibiti a birni.

Ƙarin ruwa, ɗibar jini, hoton ciki, a sake ɗibar jini. Akuyoyina suka tafi ɗaya bayan ɗaya, sannan keken Malam. Matar da ke gadon kusa da ni muka yi hira da rana, kafin la'asar an lulluɓe ta. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ummi kawai nake gani a hannun wata in na mutu.

Likita ya ce hanta ce ta kumbura, amma ba su ga ƙwayar cutar hanta a jinina ba. To mene ne?

Sai wata likita daga jami'a ta zo, Dakta Binta, mai bincike a kan abin da ke lalata hantar manoma. Ta jawo kujera ta zauna.

"Baiwar Allah, me kike ci a gida?"

Na gaya mata abin da kowa ya sani a ƙauyenmu. In an ɓare gyaɗa, mai kyau ta tafi kasuwa ko ta shiga sana'a. Wadda aka tsince, ƙanjamammiya da mai baƙi-baƙi da mai ɗaci, ita ce ta gida. Haka muka taso muka tarar. Bana kuwa ruwa ya doki gyaɗar a shanya, tsintar ta kusa cika buhu. Ga tsadar hatsi. Sai nake bar wa yara tuwo, ni in dama kunun gyaɗar nan safe da yamma.

Ta roƙi Malam ya kawo mata kaɗan. Da sakamako ya fito ta ce funfunar da ke kama gyaɗa in ta sha danshi tana barin guba, kuma hanta take ci.

Na ce, "Dakta, ai ina soyawa."

Ta ce, "Wuta ba ta kashe ta. Wannan buhun kada mutum ya ci, kada dabba ta ci."

Ba wani magani na musamman aka ba ni ba. Kulawa ce, da ruwa, da daina cin abin. A hankali idona ya washe, kumburin ya saɓe. Aka sallame ni da sharaɗin in riƙa dawowa gwaji.

Yaƙin gaske a gida na tarar da shi.

Buhun yana nan a ɗaki. Inna ta ce, "Tun kafin a haifi uwar likitar nan muke cin tsinta. 'Yan boko sun samu abin rubutawa da ke, shi ke nan."

Na ce, "Inna, su rubuta. Gara su rubuta ni da rai."

Na sa Malam ya haƙa rami a bayan gida. Ina jan buhun sai ga maƙwabciyata Laraba, wadda mijinta ya tafi neman kuɗi kudu ya bar ta da yara. Ta riƙe bakin buhun.

"Rabi, in ba kya so ki ba ni. Wallahi jiya da ruwan zafi suka kwana."

Zuciyata ta karye, amma hannuna bai saki ba. Na ce mata guba ce. Ta ce yunwa ma guba ce. Na shiga na auno mata daga ɗan geron da ya rage mana, ta ture kwanon, ta ce ba bara ta zo ba, abin da zan zubar ta nema. A gabanta na juye gyaɗar a rami na mayar da ƙasa, hawaye na zuba.

Kafin magariba gari ya ɗauka. Rabi marowaciya, Rabi almubazzara, ciwo ya taɓa mata kai. Ku faɗa. Wanda bai kwanta a gadon nan ba, bakinsa ba ya nauyi.

Alhamdu lillahi da ya tashe ni. Na gode wa Malam da ya koma tafiya gona a ƙasa saboda ni, da nas-nas ɗin da suka sha masifata, da Dakta Binta da masu bincike irinta. Har Inna na gode mata, don shekaranjiya na gan ta tana watsa tsinta a murhu, ta ɗauka ban gani ba.

'Yan uwa, ku busar da gyaɗa da masara sosai, a kan tabarma ko leda, kada ku tara a danshi. Wadda ba za ki iya kai wa kasuwa ba, kada ki kai ta bakin ɗanki. Ido ya yi rawaya, a tafi asibiti tun da sauran ƙarfi.

Laraba har yau ba ta amsa gaisuwata. Ɗazu yaranta suka wuce ta ƙofar gidanmu za su makaranta, na tsayar da ƙaramin na leƙa idonsa. Fari tas.

Ta yi ta gaba da ni, na yarda.